Yadda Ake Haɗa Kayan Tafiya Kallon Namun Daji da Mota a Gandun Etosha na Namibiya

Gandun namun daji na Etosha yana arewacin ƙasar Namibiya, kuma yana cikin wuraren da suka yi suna a nahiyar Afirka wajen irin yawon da baƙo ke ɗaukar hayar mota ya tuƙa da kansa, ya yi kwanaki yana bin mashayar dabbobi ɗaya bayan ɗaya ba tare da direba ko ɗan jagora ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta Jamus ce ta keɓe wurin a shekarar 1907, kuma faɗinsa a yau ya haura murabba'in kilomita 22,000, wanda kimanin 4,800 daga ciki wani farin fako ne mai gishiri, wato gurbin tsohon tafki da ya ƙafe tun zamanin da. Da yake ruwan sama yana ɗaukewa daga wajen watan Mayu har zuwa Oktoba, giwaye da zakuna da karkanda da raƙuman dawa da jakunan dawa da bareyi ba su da zaɓi sai su taru a 'yan maɓuɓɓugan da ke gefen fakon da kuma rijiyoyin burtsatsen da hukumar gandun ta haƙa musu, abin da ya sa rani ya zama lokacin da aka fi zuwa.

Dokokin gandun guda biyu su ne ke yanke hukunci a kan yadda za a shirya kaya, don haka ya kamata a san su tun kafin a buɗe jaka. Ta farko ita ce ba a fita daga mota sai a cikin sansanin kwana ko a 'yan wuraren da aka kewaye da shinge aka gina bandaki, ta biyu kuwa ita ce ƙofofin gandun da na sansanoninsa suna buɗewa da fitowar rana su rufe da faɗuwarta. Tsakanin sansanin Okaukuejo da na Halali akwai tazarar kilomita 70 ko kusa da haka, kwatankwacinta kuma tsakanin Halali da Namutoni, kuma ko da yake doka ta yarda a yi gudun kilomita 60 a awa, wanda ya zo kallo ba ya kaiwa haka, domin yana ratsewa zuwa mashaya irin su Gemsbokvlakte da Salvadora da Rietfontein ya kashe mota ya zauna jira. Ta haka tafiyar da ba ta kai awa biyu ba takan cinye awa biyar ko shida, kuma a duk tsawon wannan lokaci abin da aka ɗaure a bayan mota ba shi da amfani ga na ciki, ko ruwa ne ko magani. Saboda haka tambayar da mai shiri zai riƙa yi wa kowane kaya ita ce a ina zai zauna, kuma da wane lokaci za a nemi hannu ya kai gare shi.

Kuskuren da matafiyi daga Afirka ta Yamma ya fi saurin faɗawa a ciki shi ne na yanayi. Namibiya tana kudu da layin da ya raba duniya gida biyu, don haka watannin Yuni da Yuli, da damina ta kankama a Kano da Maraɗi, su ne tsakiyar sanyi a can, sanyi busasshe irin na hunturu amma wanda ya fi shi cizo da asuba, ganin cewa gandun yana kan tudun da ya haura mita 1,000 daga doron teku. Ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 5 kafin gari ya waye, sa'an nan ya haura 25 da tsakar rana, a watan Oktoba kuwa yakan wuce 35. Maganin wannan shi ne tufafin da ake jerawa ɗaya kan ɗaya a riƙa cirewa yayin da rana ke ɗagawa: singileti, da riga mai dogon hannu ta auduga, da rigar sanyi mai kauri, da hular sanyi, da safa, tare da bargo ƙarami ɗaya a kujerar baya saboda fitar sassafe, lokacin da dole a sauke gilashi idan ana son gani sosai. Ba a buƙatar tufafi da yawa, domin abin da aka wanke da hantsi ya bushe kafin azahar, kuma farin kaya ba ya kwana biyu da haskensa. Maganar cewa dole a sa tufafi masu launin ƙasa don kada dabbobi su firgita ta fi shafar mai yawon ƙafa a daji. Wanda ke zaune cikin mota bai kamata ya kashe kuɗinsa a kan wannan ba.

Bushewar iskar tana taɓa jiki fiye da yadda ake zato, domin gumi yana bushewa kafin mutum ya ji shi, leɓɓa su tsage, diddige ya yi faso, wasu ma har haɓo suke yi. Man kaɗanya ko wani man shafawa mai kauri, da maganin ɗigawa a ido, da tabarau mai tare rana, da malafa ko hula mai baki, duk ƙananan abubuwa ne da ya kamata su kasance a aljihun gaban mota. Tabarau ya zama dole musamman a bakin fakon, inda farar ƙasa ke mayar da hasken rana cikin ido.

Motar ita ce ke cin kaso mafi girma na shirin, kuma a nan ne ya dace a daɗe. Kamfanonin haya na birnin Windhoek sun fi ba da a-kori-kura mai ƙofa huɗu irin Toyota Hilux, wadda ƙafafunta huɗu ke ja, an rufe bayanta da rumfar ƙarfe, an ɗora tanti mai naɗewa a kan rufinta. Hanyoyin cikin Etosha ba su da yashi mai zurfi, ƙaramar mota ma tana binsu, amma hanyoyi ne na tsakuwa da farin dutse mai kaifi, masu gargada, kuma abin da suka fi lalatawa shi ne taya. Don haka kada a bar harabar kamfanin sai an ga safaya biyu da ido an kuma gwada iskarsu, an tabbatar jak ɗin yana ɗaga motar, sifanar kwance taya ta dace da notinan da ke jiki, akwai kuma guntun katako mai faɗi da za a sa a ƙarƙashin jak don kada ya nutse. Sai famfon iska mai aiki da batirin mota, da ma'aunin iskar taya, da kayan faci irin wanda ake cusa igiyar roba a hujin ba tare da an cire taya ba. Amfanin famfon da ma'aunin shi ne iskar da ta dace da kwalta ta yi wa tsakuwa yawa: taya mai tauri tana tsalle a kan gargada, ba ta kama ƙasa, dutse kuma yana saurin huda ta. Bisa al'ada ana rage iskar zuwa wajen 1.8 a ma'aunin da ake kira "bar" idan an shiga tsakuwa, a mayar da ita sama da 2 idan an dawo kwalta, sai dai adadin da kamfanin ya faɗa shi ne abin bi, tun da nauyin kaya da irin tayar suna canza lissafin. Ana auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi. Ya kamata kuma a karanta takardar inshora da natsuwa, domin sau da yawa taya da gilashin gaba ba sa cikin abin da take biya sai an ƙara kuɗi, alhali su ne suka fi lalacewa, kuma kamfanoni da dama suna sa na'urar da ke rubuta gudun mota, ta yadda wanda ya wuce kilomita 80 a awa a kan tsakuwa ya yi haɗari, inshorarsa ta faɗi. Sauran kayan, wato wayar tayar da batir, igiyar jan mota, shebur, abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, yawanci suna zuwa tare da motar, amma a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gaban ma'aikacin kamfanin.

Idan mota ta lalace a cikin gandun, dokar zama a ciki ba ta ɗagawa, kuma zaki da ke kwance a ƙarƙashin ƙaya mita ashirin daga hanya ba a cika ganinsa ba. Abin yi shi ne a kira ofishin sansani mafi kusa, ko a aika saƙo ta hannun motar da ta zo wucewa, wanda ke nufin a rubuta lambobin ofisoshin a takarda tun lokacin da ake biyan kuɗin shiga, a kuma sayi layin waya na kamfanin MTC tun daga Windhoek, ko da yake sabis yana ɗaukewa da zarar an yi nisa da sansani.

Namibiya ta haura murabba'in kilomita 824,000, wato ba ta gaza Nijeriya da yawa ba, amma mutanenta miliyan 3 ne da 'yan kai, kuma wannan ne ya sa gidajen mai suke nesa da juna. Daga Windhoek zuwa Okaukuejo ta Otjiwarongo da Outjo tafiyar fiye da kilomita 400 ce a kan kwalta mai kyau. Ba a dogara da samun mai a sansanonin gandun, don haka mai hankali yana cika tanki a Outjo idan ta ƙofar Andersson zai shiga, ko a Tsumeb idan ta ƙofar Von Lindequist ce, ya kuma ƙara duk inda ya samu ko da rabin tanki gare shi. Yawancin motocin hayar suna da tanki biyu a haɗe, kuma allurar mai ba ta motsawa sai na farko ya ƙare, abin da ke ruɗin wanda ba a yi wa bayani ba; gara a riƙa lissafi da kilomitar da aka ci.

Ruwa kuwa ana lissafa shi ne da kai: lita 4 zuwa 5 na sha ga kowane mutum a yini, ban da na girki da wanke kwano da alwala, sa'an nan a ware jarka ɗaya ta lita 20 wadda ba a taɓawa sai an shiga matsala. Ruwan famfon yankin na burtsatse ne, yana da zartsi, kuma cikin baƙo ba lallai ya karɓe shi ba, shi ya sa ake sayen manyan gorunan lita 5 a kantunan gari. Rarraba ruwa a mazubai da yawa ya fi zuba shi a guda ɗaya, domin gargada tana fasa roba, kuma idan jarka ɗaya ta tsiyaye ba a yi asarar duka ba. Kowace safiya a cika gorunan da za su wadatar har yamma a shigo da su cikin mota.

Wurin lodi, ƙa'idar ita ce mai nauyi ya zauna ƙasa kuma ya matso gaba, tsakanin ƙafafun mota, mara nauyi ya hau sama. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jarkokin da aka ɗaure a kan rufi, ga tanti da ma yana can, suna sa mota ta yi rinjaye a kwana. Kifewar mota a kan tsakuwa tana cikin haɗurran da aka fi sani da baƙi a ƙasar. Kome a ɗaure shi da igiya, kwalba da kwalba a raba su da tsumma, murfin kowane mazubi a ƙara matse shi, don awa uku na girgiza tana kwance abin da hannu ya ɗaure. Sai ƙura. Ƙurar Etosha fara ce mai laushi, kuma iskar da mota ke ja a bayanta tana tsotso ta ta kafofin ƙofar baya, har a iske jakunkuna sun yi fari fat. Rumfunan bayan mota da yawa suna da 'yar taga a gefe ko a sama wadda ake buɗewa lokacin tafiya, domin iskar da ke shiga ta nan ta cika rumfar ta hana ƙurar baya shigowa. Wanda bai sani ba yakan rufe ta don gudun ƙura, sai ya sami akasin abin da ya nema. Tufafi da kayan kwanciya a sa su cikin akwatunan roba masu murfi ko jakunkunan yadi masu zif. Akwatin tafiya mai tauri ba ya shiga lungu, jaka mai laushi ta fi shi. Ledar cefane kuwa an hana shiga da ita gandayen dajin Namibiya, kuma ma'aikatan ƙofa sukan tambaya, haka nan jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi haramun ne a Etosha.

Abin da zai zauna a cikin mota shi ne ainihin kayan kallo. Na farko madubin hangen nesa, kuma gara kowa da nasa, domin damisa ba ta jira a miƙa wa na baya. Wanda aka rubuta wa 8x42 ya wadatar: lambar farko tana nufin yana kusanto da abu ninki takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke tara haske da asuba da kuma dab da magariba. Mai kyamara ya tanadi batir na biyu da abin hura ƙura, ya guji sauya gilashin kyamara taga tana buɗe, ya kuma ɗinka 'yar jaka ya cika ta da wake ko shinkafa don ɗora kyamarar a bakin taga, ya kashe injin kafin ya ɗauka saboda karkarwa. Taswirar takarda da ake sayarwa a kantunan sansani tana nuna sunan kowace mashaya da nisanta, kuma ta fi waya amfani inda babu sabis. A ƙara da littafin gane dabbobi da tsuntsaye, da cajar mota, da abin taɓawa irin su dabino da gyaɗa da biskit, da shayi a fulas, da buta cike da ruwa da sabulu, tun da bandakunan cikin daji sau da yawa ba ruwa. A rubuta lokacin rufe ƙofa na ranar a manna a gaban direba. Ana nuna shi a bakin kowane sansani, kuma yana sauyawa da tsawon yini.

Cefane a yi shi a Windhoek ko Otjiwarongo, domin kantunan sansani ba su da yawan kaya. Motocin zango suna zuwa da firji ƙarami mai aiki da batir na biyu, da tukunyar gas da tukwane, kuma a tabbatar firjin yana sanyi kafin a tashi. Musulmi zai fi samun naman yanka a Windhoek, inda akwai 'yar al'ummar Musulmi, ya kuma haɗa da kifin gwangwani da ƙwai da wake da taliya, ya lura cewa tsiran naman da ake sayarwa a kantuna yakan ƙunshi naman alade. Ɗauko kilishi daga gida ba dabara ba ce, don shigar da nama ƙasar yana buƙatar izinin hukumar kula da lafiyar dabbobi. Akwai kuma shingen da ya ratsa arewacin ƙasar, wanda ake kira jan layi, da aka kafa don hana cutar baki da kofato isa ga garkunan shanun kudu da ake fitar da namansu Turai. Etosha tana bayan wannan layi, ma'ana ana shiga da ɗanyen nama amma ba a fitowa da shi, kuma ana buɗe firji a ƙofa a duba. Don haka a sayi daidai wanda za a ci, abin da ya rage kuma a dafa shi a daren ƙarshe. Itacen gashi saye ake yi, ba a tsinta a gandun.

Da dare sansani yana da nasa baƙi. Diloli suna yawo tsakanin tantuna a Okaukuejo suna ɗauke abinci har da takalma, a Halali kuma dage ne ke kifar da kwandon shara, kuma ba a ba su abinci ba a kusantarsu, saboda dila na iya ɗauke da ciwon haukan kare. Takalmi mai rufi ya zama dole bayan magariba saboda kunama, a kuma zazzage shi da safe. Tocila mai ɗaurawa a goshi ta fi ta hannu ga mai hawa tsanin tanti, jakar barci kuma ta kasance mai kauri idan a watannin sanyi ne. Mashayar Okaukuejo, wadda ake haskawa da fitilu, nan ne baƙar karkanda ke zuwa sha cikin dare, kuma masu kallo kan zauna awa biyu ko uku a kan benci ba motsi ba surutu. Wanda ya je ba bargo ba zai kai lokacin da take fitowa ba.

Akwatin magani ya ƙunshi na ciwon kai, na gudawa, na ƙaiƙayi, bandeji, filasta, maganin wanke rauni, hantsaki na cire ƙaya, da ƙunshin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, wanda idan babu ana haɗa shi da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Mai shan magani kullum, kamar na hawan jini ko ciwon sukari, ya ɗauki fiye da na kwanakin tafiyar ya ajiye shi inda rana ba ta bugu. Arewacin Namibiya yana da zazzaɓin cizon sauro, ko da yake ya fi yawa da damina, don haka a nemi shawarar likita kafin tashi. Game da salla, ana tsara ta ne da wuraren da aka yarda a sauka, kuma sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli yana da amfani a nan. Alƙibla daga Etosha tana arewa ne da ɗan karkata zuwa gabas, ba gabas sak ba kamar yadda aka saba cewa a gida.

Takardu a haɗa su a jaka ɗaya da ba ta rabuwa da mai ita: fasfo mai sauran wata shida aƙalla da shafuka marasa rubutu, biza, katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake nema daga masu zuwa daga ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, takardar hayar mota, shaidar kama masauki daga Namibia Wildlife Resorts, kamfanin gwamnati da ke gudanar da sansanonin, da takardar izinin shiga gandun da ake nunawa wurin fita. Lasin tuƙi da aka rubuta da Ingilishi yana aiki, mai lasin Faransanci kuwa ya nemi na ƙasa da ƙasa. Dalar Namibiya darajarta ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar duka biyun. A riƙe tsabar kuɗi, don na'urar kati takan ƙi aiki a sansani. Soket ɗin ƙasar mai manyan ƙafafu uku ne masu zagaye, wanda filogin Nijeriya ba ya shiga, sai da mahaɗi. A Namibiya ana tuƙi ne ta hannun hagu, sitiyari yana dama, kuma doka ta ce a kunna fitilar mota da rana a manyan hanyoyi. Wanda ya sauka a filin jirgin Hosea Kutako bayan doguwar tafiya ya kwana a Windhoek, ya karɓi motar da safe ya ba dubanta awa biyu cikakku, ya yi cefane, sa'an nan ya kama hanyar arewa da sauran rana, domin mugun dawa da manyan gadaje suna tsallaka titi da magariba, kuma yawancin kamfanonin haya sun hana tuƙin dare a wajen gari.